Lasisin Anti Direba

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaban?", na ji ku. Wata har cewa ta yi ta yi fushi da ni ba za ta ƙara kula ni ba, sai ga shi ita ce ta fara turo saƙo da safe. To ku gyara zama, yau ba wasa.

Ga waɗanda suka same mu a hanya: Yayata ce iyayen yara ke kira Anti Direba. Ƙaramar bas gare ta, tana kai yara masu lalura makarantarsu, ta dawo da su gida. An tare ta a hanya an karɓe lasisinta, wai an dakatar da shi saboda an aika mata takardar kira kan ƙetare danja ta ƙi zuwa. Mu kuwa ko ƙyallin takarda ba mu gani ba. Shugaban makarantar ya ce in aka tashi zaman kwamitin ɗaukaka ƙara na yau ba ta karɓo lasisinta ba, zai miƙa yaran ga wata motar. Ni ce ƙanwarta, a gida Ashana suke ce min, ba sai na faɗi dalili ba.

* * *

Tun da muka shiga motar haya nake kallon ƙafar Yaya. Duk sanda direban ya matso kusa da motar gabansa sai ƙafarta ta dama ta danna ƙasa.

"Yaya, babu birki a wurin nan fa."

Ta dube ni ta yi dariya.

"Ƙafar ce ba ta san an dakatar da ita ba. Ita ma ba a kai mata takarda ba."

Ni dariyar ba ta zo min ba. Na rasa irin zuciyar baiwar Allahn nan. Sana'arta ce a bakin rami, amma ita ce mai ba da dariya. Tun da aka karɓe lasisin take tashi da sassafe kamar kullum, ta wanke motar, ta goge kujeru, ta duba bel ɗin kowane yaro, sannan ta kulle ta dawo ciki ta zauna.

Muka isa ofishin. Dogon baranda ne, benci a jere jikin bango, fanka ɗaya a sama tana juyi kamar an yi mata dole. Mutane zaune kowa da fayil a cinya. A ƙarshen barandar akwai taga mai ƙarafa, Akawu na ciki yana danne-danne.

Yaya ta yi sallama ta miƙa katinta.

Bai ɗago ba.

"Kwamfuta ta nuna an sanar da ke."

Na tura kaina ta gefen kafaɗarta.

"Ta ina aka sanar da ita?"

"An tura saƙo ta waya."

"Wace lamba?"

Ya karanto. Na tafa hannu.

"Wannan layin ai tun bara waccan ya ɓata! A wannan tagar ta zo ta canza shi. Ni na rako ta. Kai da kanka ka ce an gyara, har ka ce mu gaida gida."

"To kwamfuta ba ta nuna ba."

"Wai kwamfutar ce ta ɗauke ka aiki, ko kai aka ɗauka ka yi aiki da ita?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya.

"Ashana," in ji Yaya, a hankali.

Akawu ya ɗago a karon farko, fuska a murtuke.

"Ko an bar maganar waya, an kai takarda hannu da hannu. Masinja ya kai, ya dawo ya tabbatar."

"Hannun wa? Gidanmu dai ba ya fita yawo. In Yaya ba ta nan ina nan, in ba na nan Umma na nan, ko ƙofa ba ta leƙawa."

Yaya ta janye ni baya da hannu ɗaya. Hannun nan da ke ɗaga yara kullum, ba ka isa ka yi gardama da shi ba.

"Ka yi haƙuri Malam Akawu, ba da kai take ba."

"Wallahi da shi nake!"

"Za a kira ku," ya ce, ya ja labulen tagar.

Muka koma benci. Ina huci, Yaya tana juya makullin motarta a yatsa.

Ana haka sai ga Baba Masinja ya ɓullo daga wani ɗaki, jakar takardu a kafaɗa.

Bari in gaya muku ko wane ne shi. Dattijo ne, masinjan ofishin nan, a kan babur yake rarraba takardu. Yana da jika marainiya da ba ta tafiya, shi kaɗai ke riƙonta. Ita ce yarinyar farko da Yaya ke ɗauka kowace safiya. Har cikin soro take shiga, ta goyo ta, ta zaunar da ita a kujerar bayan direba. In Baba Masinja ya fara gaishe ka kuwa, ka sauke tukunya kawai, don sai ya tambayi kowa a gidanku har da kyanwa.

Amma yau da ya gan mu sai ya tsaya cak. Ya juya da sauri ya nufi matattakalar baya.

Na miƙe da murna.

"Yaya ga Baba Masinja! Alhamdu lillahi. Shi zai faɗa mana wane sakaran masinja ne ya ce ya kawo mana takarda."

"Zauna."

"Ai na gida ne Yaya, ba zai ɓoye mana ba."

"Na ce ki zauna."

Kun san ni. Kafin ta rufe baki na kai matattakala.

A ƙasa na cim masa, inda ma'aikata ke ajiye babura. Yana ta ƙoƙarin zura makulli, makullin ya ƙi shiga.

"Baba, ina kwana? Yau gudu kake ba gaisuwa?"

"Lafiya lau, 'yata. Sauri nake."

"Tambaya ɗaya ce. Wa ke raba takardu a layinmu?"

Ya ci gaba da fama da makullin.

"Baba?"

Takun Yaya na ji a bayana. Ta tsaya, ta rusuna ta gaishe shi kamar kullum, har da tambayar jikin yarinyar.

Wannan gaisuwar ce ta karya shi. Makullin ya faɗi ƙasa. Ya zauna a kan dandamalin siminti, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Ni ne."



"Kai ne me?"

"Ni aka ba takardar. Ni na ce na kai."

"Baba, kai?"

"Ni."

"Kai da Yaya ke goya maka jika kullum? Kai da ranar da ruwa ya cika layinku ta tuɓe takalmi ta shiga har gwiwa ta ɗauko ta?"

"Shi ne ai," ya ce. "Shi ne ya hana ni."

Ya ɗago ya dubi Yaya, ya sake sunkuyar da kai.

"Anti Direba, wallahi na zo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In tsaya jikin falwayar wutar nan ta kwanar gidanku, takardar na aljihuna. Sai in tuno yadda kike gyara wa yarinyar nan bel, kina yi mata waƙa. In ce to, da wane hannun zan miƙa wa matar nan sammaci? Sai in juya."

"Da ka jefo ta ƙasan ƙofa mana!" na ce. "Da ka ba ni! Ni ai ba kunyata kake ji ba."

"Na yi tunanin gyarawa ne ta ciki, ba tare da ta ji ba. Akwai wani abokina a sama, na je na roƙe shi. Ya ce in bar masa, ƙaramin abu ne. Na saki jiki. Ashe an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi bai taɓa fayil ɗin ba."

"Garin gyaran gira ka tsone mana ido."

"Haka ne, 'yata."

"To me ya sa ka ce ka kai?"

Ya sauke numfashi.

"Haka aikin yake. Ƙarshen mako duk takardar da ta rage a jakarka laifinka ne, sai an ba ka gargaɗi. Kai ka kai, kai kuma za ka tabbatar ka kai. Ba mai tambayar wanda aka kai wa. Duk masinjojin nan haka suke yi, in gida ya ɓace musu sai su ce sun kai. Ni ban taɓa yi ba sai wannan karon."

"Sai a kan Yaya!"

Hawaye suka zubo min don takaici. Na juya wurin Yaya.

"Kin ji ko? Shi ke nan, mun samu. Mu hau sama ya maimaita a gaban kwamiti."

Yaya ba ta motsa ba. Ko mamaki babu a fuskarta.

Abin ya tsaya min.

"Yaya... kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka karɓe lasisin. Direba ba ya rasa ganin abin da ke bayansa, Ashana. Na sha ganinsa ta madubi, tsaye jikin falwaya, hannu a aljihu. Na ɗauka wata damuwa ce ta gida yake son faɗa min yana jin nauyi. Na ce in na tambaye shi zan kunyata dattijo, bari ya faɗa da kansa in ya shirya. Shi yana jin kunyata, ni ina jin tasa, takarda na aljihu tana tsufa."

Baba Masinja ya rufe fuska da hularsa.

"Kuma kika yi shiru? Kika bar ni ina zagin masinjoji a gida dare da rana?"

"In na faɗa miki, da unguwa ta ji kafin azahar."

To wannan kam ba ƙarya ta yi ba.

Ta tsuguna a gabansa.

"Baba, ritayarka ta kusa ko?"

"Ta kusa. Bana ne."

"In aka san ka ce ka kai alhali ba ka kai ba fa?"

"Kora ce. Ba fansho, ba komai."

"Wa zai riƙe yarinyar?"



Ta ɗauki makullin babur ɗin daga ƙasa ta sa masa a hannu.

"Hau ka tafi aikinka. Ƙarya dai ba zan yi ba, zan ce ban karɓi takarda ba, don ban karɓa ba. Amma sunanka ba zai fito daga bakina ba."

"Yaya!"

"Kuma ba zai fito daga naki ba."

"Su yaran fa? In aka ba wa wata motar, wa zai san mai jin tsoron hon, wa zai san wadda ba ta son a taɓa mata kai? Ke fa? Da me za ki ci?"

Na ga idonta ya kaɗa. A nan na gane abin yana cin ta fiye da yadda nake zato.

"Allah na nan," ta ce kawai.

Daga sama muka ji Akawu yana ƙwala kiran lambar fayil ɗinmu.

* * *

Ɗakin zaman ba shi da girma. Dogon tebur, kujeru biyu a gabansa, tagogi a rufe. Shugabar kwamitin na tsakiya, dattijuwa mai farin gilashi, irin matan nan da in suka dube ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Mutum biyu a gefenta suna rubutu.

"Wace ce mai ƙara?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Ƙanwata ce."

Shugaba ta dube ni ta saman gilashi.

"Ke ce mai wa'azi a taga ɗazu? A nan ni kaɗai ke tambaya."

Na haɗiye abin da ke bakina. Da ƙyar ya wuce.

Ta buɗe fayil.

"Kyamara ta ɗauke ki kin ƙetare danja da yara a mota."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Farfaɗiya ce ta kama ɗaya daga cikinsu, ya fara shiɗewa. Jami'in da ke wurin ne ya tsayar da sauran motoci ya ɗaga min hannu. Kyamara ta ga mota, ba ta ga hannunsa ba."

"Yaron ya rayu?"

"Yana nan lafiya. Jiya ma ya sa uwarsa ta kira ni, wai yaushe zan zo."



"Da kin zo ranar da aka kira ki kin faɗi wannan, da ko tara ba za a ci ki ba. Amma ba zaman danja muke yi yau ba. Abin da ya jawo dakatarwa shi ne an kira ki kin ƙi zuwa."

"Ba a kira ni ba, ranki ya daɗe."

"An tura saƙo."

"Zuwa layin da na zo nan da ƙafata na canza. Ga shaidar da aka ba ni ranar."

Ta miƙa. Shugaba ta duba, ta miƙa wa na damanta, shi ma ya duba ya sosa ƙeya.

"Wannan kuskurenmu ne, na karɓa," in ji Shugaba. "Amma saƙon waya tunatarwa ce kawai. Abin da doka ta sani shi ne takardar hannu. Kuma a nan an ce an kai."

"Ban karɓa ba."

"Wani a gidanku?"

"Babu."

"To ɗayanku bai faɗi gaskiya ba. Ko ke, ko ma'aikacinmu."

Yaya ta gyara zama. Ta ɗora hannayenta biyu a kan tebur kamar ta riƙe sitiyari.

"Ranki ya daɗe, in kin ba ni dama."

"Ina jin ki."

"Ni in na sauke yaro a ƙofar gidansu, ba na tafiya sai na ga wanda ya karɓe shi. Ko da uwar ta leƙo ta taga ta ce in ajiye shi, ba na ajiyewa. Sai hannu ya taɓa hannu. In kuma ban samu kowa ba, da shi nake komawa, kuma makaranta ba ta taɓa ce min na yi laifi don na dawo da yaro ba."

Ta ci gaba.

"Amma a nan, wanda ya kai shi ne mai shaidar ya kai. In ya dawo da takarda kuma ku hukunta shi. To wa zai dawo da ita? Ku leƙa barandar nan, ranki ya daɗe. Rabin mutanen da ke kan benci abin da ya kawo ni ne ya kawo su. Akwai mai motar ɗaukar kaya da ya ji labarin dakatarwarsa a bakin ɗan sanda. Akwai wata da aka aika tata takardar gidan da ta tashi tun kafin ta haihu. Duk masinjoji ne maƙaryata? Kun tsara aiki yadda gaskiya ke jawo wa mutum gargaɗi, ƙarya kuma ta kai shi gida lafiya. In an tashi hukunci kuma sai a bar jaki a daki taiki."

Wallahi ji na yi kamar in miƙe in yi tafi. Yayata da ko a taron biki ba ta ɗaga murya, ga ta tana magana ba ko gargada. Na biyun da ke rubutu ma ya ajiye biro yana kallonta.

Shugaba ta cire gilashinta ta goge.

"Maganarki gaskiya ce, kuma zan rubuta ta a rahotona yadda kika faɗe ta. Amma ni ba ni na tsara dokar ba, bin ta nake. Hanya ɗaya ce gare ni in soke dakatarwar nan yau."

Ta zaro takarda ta turo gaban Yaya, ta ɗora biro a kai.

"Ki rubuta ƙorafi a kan ma'aikacin da ya ce ya kai miki. Ki sa hannu. In kin yi haka, yanzun nan za ki fita da lasisinki, shi kuma ya amsa tambaya. In ba ki yi ba, abin da ke fayil ya tabbata, dakatarwa ta ci gaba har wa'adinta."

Na taka ƙafar Yaya ta ƙarƙashin tebur.

Ba ta dube ni ba.

"Ranki ya daɗe, ba zan iya rubuta ƙorafin a kan ofis ba?"

"Ofis ba shi da hannun da zai miƙa takarda. Mutum ake so."

"Ban zo neman kan mutum ba. Lasisina na zo nema."

"Kin san wanda ke raba takardu a layinku?"

Na ce yau zan ga inda za ta bi.

"Na san shi."

"To rubuta."

Yaya ta ɗauki biron. Zuciyata ta yi tsalle. Ta dube shi, ta mayar masa da murfinsa, ta ajiye a gefen takardar a hankali.

"Ba zan rubuta ba."

"Ranki ya daɗe, ni zan faɗa!" na ce, na miƙe tsaye. "Sunansa..."

Yaya ta damƙe wuyan hannuna. Kallona kawai ta yi. Tun muna yara ban taɓa ganin roƙo a idonta ba sai ranar.

Na koma na zauna. Kuka nake sosai, ba kunya.

Shugaba ta daɗe tana kallonta.

"Malama, kin san abin da kike yi? An gaya min makarantar za ta karɓe yaran."

"Na sani."

"Wannan mutumin ɗan'uwanki ne?"

"A'a."

"Yana da wani abu a kanki da kike tsoro?"

"Babu. Ni dai in lasisina ya tafi, wata rana zai dawo. Abin da shi zai rasa ba ya dawowa."

Shugaba ta girgiza kai. Ban san ko tausayi ba ne ko haushi. Ta jawo fayil ɗin, ta ɗauki hatimi ta danna shi a tawada.

Ta ɗaga hannu.

Sai aka turo ƙofa.

Baba Masinja ne. Hula a kai, riga a gyare, ya tsaya ƙyam kamar ranar da aka ɗauke shi aiki. A hannunsa akwai ambulan mai ruwan ƙasa, duk ya lanƙwashe don zaman aljihu.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Kar ki buga."

Yaya ba ta ko waiwaya ba.

"Baba, ka fita."

"Ba zan fita ba, 'yata."

"Don Allah ka fita. Ka tuna da yarinyar nan."

"Da ita na tuna. Tun da kika daina zuwa ba ta ƙara cin abincin kirki ba, kullum tana bakin ƙofa da jakarta. In na hau babur na tafi yau, da wane ido zan dube ta?"

Ya tako har gaban tebur. Ya miƙa ambulan ɗin ga Yaya da hannu biyu, yadda ake miƙa wa manya.

"Anti Direba, ofis ya aiko ni da takarda. Na makara, amma ga ta."

Na biyun da ke rubutu ya kai hannu zai ɗauki biro. Shugaba ta dafe takardarsa.

Ta ajiye hatimin a gefe, ba ta buga ba. Ta dubi Baba Masinja, ta dubi ambulan ɗin, sannan ta dubi Yaya.

"Ni har yanzu ban ga komai ba," ta ce a hankali. "Malama, in kika karɓi takardar nan a gabana, to na ga ranar da aka kawo ta, lasisinki ya dawo, kuma dole in rubuta abin da na gani. In ba ki karɓa ba, wannan dattijo ɓatan ɗaki ya yi, zai fita ya ci gaba da aikinsa, ni kuma in buga hatimina."

Baba Masinja bai janye hannunsa ba.

"Karɓi, 'yata. In kina ganin girmana, karɓi."

"Yaya, ki karɓa," na ce.

Yaya ta miƙe tsaye. Ta dubi ambulan ɗin, hawaye na bin fuskarta.

Sai ta mayar da hannayenta biyu baya.